Wa Ya Isa Ya Ci Jibin Ubangiji?

     Maganar yau ta cikin gidan Kirista ce, amma maƙwabtanmu Musulmi da ke sauraronmu a rediyo, kada ku tashi. Ta taɓa abin da kowane mai addini ya sani, wato yadda mutum zai tsaya gaban Mahaliccinsa alhali ya san abin da ke cikin zuciyarsa.

Maganar yau a kan Jibin Ubangiji take. Tambayar kuma ita ce, wa ya isa ya ci?

Bari in fara da ɗan bayani domin wanda bai saba ba. A daren da aka kama Yesu Almasihu, lokacin Idin Ƙetarewa, ya zauna cin abinci da almajiransa. Ya gutsuttsura gurasa ya ba su. Ya miƙa musu ƙoƙon ruwan inabi. Ya danganta gurasar da jikinsa, ƙoƙon kuma da jininsa, ya umarce su su riƙa yin haka domin tunawa da shi. Tun daga ranar Kirista ba su daina ba. 'Yan Katolika sun gaskata gurasar da ruwan inabin suna zama jiki da jinin Almasihu da gaske, kuma suna karɓa a kowace Misa. Ikkilisiyoyi irin su ECWA da Baptis sun fi ɗaukar abin a matsayin tunawa, wasu suna ci sau ɗaya a wata, wasu ma ba ya kai haka yawa. An sha bamban a kan ma'anarsa. Amma a kan tsoronsa, kusan duk an haɗu.

Duk wanda ya taɓa zama a majami'a ranar Jibi ya san abin da nake nufi. Ana gama wa'azi, sai ka ga wasu sun sulale waje. Waɗanda ba su yi baftisma ba, an san dalilinsu. Waɗanda ke ƙarƙashin horon ikkilisiya, su ma an sani. Amma akwai kashi na uku. Sun yi baftisma. Ba wanda ya dakatar da su. Su suka dakatar da kansu. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: ban cancanta ba. Wata za ta ce ta yi fushi da mijinta jiya. Wani zai ce mummunan tunani ya zo masa cikin mako. Akwai wanda ya yi shekaru bai ci ba, don an taɓa gaya masa wanda ya ci da zunubi zai mutu.

A gefe guda kuma akwai wanda ba ya ko ɗar. Yana kan gaba a layi. Ya riƙe albashin ma'aikatansa. Ya ƙwace gonar matar ƙanensa da ya rasu. Ba ya magana da ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya. Duk da haka yana miƙa hannu da natsuwa, domin shi dai ba ya shan giya, ba a kuma taɓa kama shi da matar wani ba.

To, ga ra'ayina, zan kuma maimaita shi sau da yawa kafin mu rabu. Ba wanda ya isa teburin nan da tsarkin kansa. Abin da ake nema ga mai ci shi ne tuba ta gaskiya, da kuma duba yadda yake bi da mutumin da ke zaune kusa da shi. Ina jin tsoro mun juya abin. Masu taushin zuciya sun gudu, masu taurin zuciya sun matso.

Yanzu bari mu je inda tsoron ya samo asali. Wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa ce, sura 11. A nan ne ya yi gargaɗi cewa wanda ya ci ta hanyar da ba ta dace ba ya ɗauki alhakin jiki da jinin Ubangiji. A nan ya ce kowa ya bincika kansa kafin ya ci. A nan kuma ya ambaci cewa wasu daga cikinsu sun raunana, wasu na ciwo, wasu har sun mutu. Magana ce mai nauyi, ba ni da niyyar rage mata nauyi. Amma sau nawa ake karanta mana ayoyin gargaɗin kaɗai, a tsallake waɗanda ke gabansu? Su ne kuwa suka faɗi laifin da Bulus yake magana a kai.

Ku saurara da kyau. Korinti babban birnin ciniki ne a ƙasar Girka, mai tashoshin jiragen ruwa biyu. Akwai attajirai, akwai 'yan ƙwadago, akwai bayi. Ikkilisiyar da ke can ta tara dukansu. A lokacin babu ginin majami'a. A gidajen masu hali ake taruwa. Jibin kuma cikakken abinci ne, ana ci a ƙoshi. Masana tarihi na ganin masu hali su ke fara zuwa, tunda su ke da ikon lokacinsu. Bawa sai ubangidansa ya sallame shi. Ɗan ƙwadago sai ya tashi aiki. Kafin su iso, an cinye mai kyau. Bulus da kansa ya faɗi abin da ya ji: kowa yana rigan wani ci, wani na jin yunwa, wani har ya bugu. Ya tuhume su da raina ikkilisiyar Allah da kunyata waɗanda ba su da komai. Har ya ce musu abin da suke ci ɗin nan bai cancanci a kira shi Jibin Ubangiji ba.

Kun ji laifin? Kunyata talaka ne a teburin da aka shimfiɗa domin kowa. Da ya zo ba su magani a ƙarshen surar, bai ce su ƙaurace wa teburin ba. Cewa ya yi su jira juna. Mai jin yunwa ya ci a gida kafin ya zo. Binciken kai da ya umarta ma, ya haɗa shi da ci. Mutum ya bincika kansa, sannan ya ci. Binciken ƙofar shiga ce. Mu ne muka mai da shi ƙofar fita.

Mu Hausawa mun san nauyin cin abinci tare. In ka sa hannu a kwano ɗaya da mutum, amana ta shiga tsakaninku. Wanda ya ci tuwonka da dare, da safe ya kai ƙararka ta ƙarya, ba ma cewa ya yi kuskure, cewa muke ya ci amana. Haka teburin nan yake. Ci daga gurasa ɗaya shaida ce cewa ku jiki ɗaya ne. Wanda ya ba da wannan shaida da bakinsa, hannunsa kuma yana shaƙe ɗan'uwansa, shi ne gargaɗin Bulus ya fi shafa.

Ku kuma tuna su wa suka ci Jibin farko. Bitrus yana wurin, kuma a daren nan ya yi musun sanin Ubangijinsa sau uku. Sauran suna wurin, kuma a daren nan suka watse suka bar shi. Luka ya ba da labari cewa a bakin teburin ma gardama ta tashi tsakaninsu kan wane ne babba. Yesu ya san duk wannan. Bai janye gurasar ba.

Masu sauraro, yanzu bari mu juya ga tarihi, domin wannan gardama ba a ƙasarmu ta fara ba.

Tun ƙarni na huɗu, wani mashahurin mai wa'azi, Yohanna Kirisostom, ya yi kuka cewa ana shirya teburi, mutane na tsaye suna kallo, ba mai matsowa. Abin ya ci gaba da muni a Turai. Mutane suka koma kallon gurasar daga nesa saboda tsananin tsoro. Har a shekarar 1215 wata babbar majalisar ikkilisiya da ta zauna a Roma ta kafa doka cewa kowane Kirista ya furta zunubansa ya kuma karɓi Jibi aƙalla sau ɗaya a shekara, lokacin Ista. Ku yi tunani. Sai da aka yi doka kafin mutane su zo teburin da aka gayyace su kyauta.

Kada wani ya ce wannan matsalar Katolika ce kaɗai. A Sikotlan, 'yan ikkilisiyar Firesbiteriya sun daɗe suna amfani da wani ɗan ƙarfe mai kama da kwabo. Dattawa za su yi wa mutum tambayoyi, in sun gamsu su ba shi, da shi zai shiga teburi. A yankin tsaunukan ƙasar abin ya kai majami'a na cika, amma 'yan ƙalilan ke ci. Har yau a ƙasar Holan akwai ikkilisiyoyi masu tsauri inda mafi yawan masu sujada ba sa tashi zuwa teburi, suna jiran tabbacin cewa Allah ya zaɓe su. A Habasha ma, a Ikkilisiyar Otodoks, galibi yara ƙanana da tsofaffi ne ke karɓa. Waɗanda ke tsakiyar rayuwa suna ganin ba su kai tsarkin ba.

Ina girmama waɗannan mutane. Tsoronsu tsoron Allah ne, ba wasa suke ba. Amma ina ganin an cuce su. An ba su rabin gaskiya, aka riƙe rabi.

Akwai kuwa waɗanda suka tashi suka faɗi ɗaya rabin. Martin Luta, a ƙaramin littafin koyarwa da ya rubuta a 1529, ya yarda azumi da shirin jiki abu ne mai kyau. Amma ya koyar cewa wanda ya cancanta da gaske shi ne wanda ya gaskata cewa domin shi aka ba da jikin, domin shi aka zubar da jinin. Jon Kalbin, duk da tsaurin da aka san shi da shi, ya so a riƙa cin Jibi kowane mako a Janeba. Hukumar birnin ce ta ƙi, aka tsaya a sau huɗu a shekara. Jon Wesli, wanda Metodis suka samo asali daga aikinsa, ya yi wa'azi musamman a kan wajibcin yawan cin Jibi, ya kuma amsa wa masu cewa ba su isa ba. A wajen Katolika, Fafaroma Fiyus na Goma ya fitar da umarni a 1905 yana ƙarfafa mutane su riƙa karɓa ko da kullum ne, muddin ba su cikin babban zunubi kuma niyyarsu mai kyau ce. A zamaninmu, Fafaroma Faransis ya rubuta a 2013 cewa Jibi magani ne da abinci domin raunana, kada a ɗauke shi ladan kammalallu.

Mutanen nan sun yi saɓani a kan abubuwa da yawa. Wasunsu ma sun la'anci koyarwar juna. Amma a wannan gaɓa bakinsu ya zo ɗaya. Ba wanda ya isa teburin da tsarkin kansa.

To, sai dai in tsaya nan, domin na san wani dattijo yana saurare yana girgiza kai. Yana cewa, ashe kenan kowa ya zo ya ci, ba shinge, ba horo? Baba, tambayarka tana kan hanya, kuma amsarta a'a ce.

Tun farkon ikkilisiya akwai shinge. Wani tsohon littafin koyarwa da ake kira Didake, wanda ya fito kusa da zamanin manzanni, ya umarci masu bi su furta laifofinsu kafin su karya gurasa. Ya kuma hana mai rikici da ɗan'uwansa shiga har sai sun shirya. Ku lura da abin da shingen ya tsare. Sulhu ne.

Ga kuma labarin da nake so kowane fasto da kowane dattijon ikkilisiya ya riƙe. A shekarar 390, sojojin Sarkin Roma Tiyodosiyus suka kashe dubban mutane a birnin Tasalonika, ramuwar gayya kan wani hafsan soja da aka kashe a tarzoma. Sarkin kuwa Kirista ne. Shi ne mafi ƙarfin iko a duniyarsa. Bishof Ambros na birnin Milan ya rubuta masa wasiƙa, ya sanar da shi ba zai miƙa hadaya a gabansa ba sai ya tuba. Sarkin ya yi watanni a waje. Daga baya ya ƙasƙantar da kansa a gaban jama'a, sannan aka karɓe shi. Wannan shi ne horo da ke da daraja. Ya hau kan mai ƙarfi. Ya hau kan jinin da aka zubar a fili. Ƙarshensa kuma dawowa ce.

Gardamar shinge ba ta da sauƙi, na yarda. A Amurka, a 1750, wata ikkilisiya a garin Nosamtin ta sallami fastonta, Jonatan Edwads, ɗaya daga cikin manyan malaman tauhidi na ƙasar. Dalilin kuwa, kakansa da ya riga shi a kujerar ya buɗe teburi ga duk mai zaman kirki ko da bai iya ba da shaidar sabuwar haihuwa ba, shi kuma ya nemi a tsaurara. Jika da kaka, dukansu masu tsoron Allah, sun kasa haɗuwa a kan wannan. Saboda haka ba zan zauna a nan in ce wa kowace ikkilisiya ga inda za ta ja layinta ba. Kowace tana da koyarwarta da tsarin mulkinta. Abin da zan tambaya shi ne, layin nan, wa yake kamawa, wa yake bari ya wuce?

Domin ku ji haɗarin, bari mu leƙa Afirka ta Kudu. A 1857, majalisar wata babbar ikkilisiya ta Turawan Holan da ke can ta zauna a kan ko farare da waɗanda ba farare ba za su ci Jibi tare. Majalisar ta yarda cewa cin tare shi ne daidai da Littafi Mai Tsarki. Amma ta ce saboda raunin wasu, wato fararen da ba sa son haɗa teburi, ana iya raba wurin sujada. Daga wannan rangwame aka kai ga kafa ikkilisiya dabam domin waɗanda ba farare ba a 1881. Masana da yawa na ganin a nan aka dasa irin da ya tsiro ya zama goyon bayan ikkilisiyar ga mulkin wariyar launin fata. A teburi aka fara rabawa, kafin a raba unguwa da makaranta da asibiti. Waɗanda suka yi hakan masu zuwa sujada ne, masu karanta gargaɗin Bulus. Sun bincika kansu, ba su ga laifi ba, domin inda laifin yake ba nan suka duba ba. Wannan ita ce Korinti ta sake dawowa.

Yanzu, 'yan'uwa, mu dawo gida. A nan maganar za ta yi ɗaci, ku yi haƙuri da ni.

A ikkilisiyoyinmu da dama, wa ake sa wa horo? Yarinyar da ta yi ciki ba aure. Ana kiran sunanta a gaban jama'a. Ana mai da ita bencin baya. Ana hana ta Jibi watanni. Cikinta ya nuna, ba ta da wurin ɓuya. Wanda ya yi mata cikin fa? Sau da yawa ya bar gari, ko ya musanta, ko ɗan wani babba ne. Ban ce abin da ta yi daidai ne ba. Tambayata ita ce, yaushe rabon da mu ji an dakatar da wani saboda ya danne haƙƙin marayu? Yaushe aka mai da wani bencin baya saboda ya ci kuɗin jama'a, ko ya hura wutar ƙabilanci lokacin zaɓen shugabannin ikkilisiya, ko yana dukan matarsa? In mai ba da zakka mai tsoka ya fi ƙarfin horo, ita kuma marar gata ita ce abin misali kullum, to mun kunyata wanda ba shi da komai. Laifin Korinti kenan, da sunansa.

Akwai kuma wuraren da ake duba katin biyan kuɗin ikkilisiya kafin mutum ya matso teburi. Na san ikkilisiya tana buƙatar kuɗi. Amma gwauruwar da ta kasa biya saboda damina ta ƙi, da wace fuska za a ce mata ta koma ta zauna?

Ga kuma maganar auren mace fiye da ɗaya, wadda ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Mutum ya karɓi bangaskiya yana da mata biyu ko uku, ya aure su bisa al'ada tun kafin ya ji bishara. A wurare da yawa shi da matansa na baya suna tsufa a majami'a, suna ba da baiko, suna share fili, ba su taɓa ɗanɗana Jibi ba. Bishof-bishof na Angilika sun hana yi wa irin wannan mutum baftisma a taronsu na Lambet a 1888. Bayan shekara ɗari, a 1988, suka sake duba maganar. Suka yarda a karɓe shi da matansa masu bi, bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba, jama'ar ikkilisiyar wurin kuma sun amince, ba kuma za a tilasta masa korar kowace mace ba. Ba kowace ikkilisiya ce ta bi wannan ba, kuma kowace tana da hujjarta. Ni dai ina roƙo a dubi matar nan ta biyu, wadda aka aurar tana yarinya ba da shawararta ba, yau ga furfura a kanta. A gaya mata wane zunubi ne za ta tuba daga gare shi, kuma ta yaya.

Akwai abin koyi a cikinmu, ba sai mun je nesa ba. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aikinta ya fara a Garkida a 1923, ta gaji al'adar wanke wa juna ƙafa da cin abinci tare kafin gurasa da ƙoƙo. A tsohuwar al'adar ikkilisiyar da ta haife ta, dikinoni kan bi gida gida kafin ranar, suna tambayar kowa ko yana zaman lafiya da 'yan'uwa. In akwai rikici, a sasanta kafin a zauna. Wannan shiri ya fi kusa da abin da Bulus ya nema. Da wuya ka durƙusa ka wanke ƙafar mutumin da ka cuta ba tare da zuciyarka ta tsawata maka ba.

Amma a nan ma sai an yi hattara, domin ana iya mai da sulhu bulala. Akwai matar da mijinta ke duka. Akwai wanda aka kashe masa ɗa a rikici, ko aka kwashe kayan gidansa lokacin da yake gudun hijira. Ranar Jibi sai a ce duk mai riƙe da wani a zuciya kada ya matso. Sai wanda aka cuta ya zauna yana kuka, wanda ya yi cutar ya tashi ya ci. Wannan zalunci ne a kan zalunci. Ku duba koyarwar Yesu a Matiyu sura 5, inda ya yi maganar barin baiko a gaban bagade a je a shirya tukuna. Da wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa yake magana. Wato nauyin tashi yana kan mai laifi. Wanda aka ji wa rauni, yana roƙon Allah ya ba shi ikon gafartawa amma ciwon bai warke ba, shi ne ya fi kowa buƙatar teburin nan. Jin zafi ba zunubi ba ne. Kada a kore shi.

Saboda haka in an ce ka bincika kanka, me za ka duba? Ka duba ko akwai zunubin da ka rungume ba ka da niyyar saki. Wannan ya bambanta da wanda kake kokawa da shi kana faɗuwa kana tashi. Ka duba ko akwai haƙƙin wani a hannunka. Ka duba ko akwai wanda ka raina a majami'ar nan saboda ƙabilarsa, ko talaucinsa, ko abin da ya taɓa yi. Kuma kanka aka ce ka bincika. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda ya zauna yana ƙirga su wa suka tashi su wa suka zauna, ya riga ya bar aikin da aka ba shi.

Na faɗa a farko, ina ƙara faɗa. Ba wanda ya isa da tsarkin kansa. Tuba ake nema, da gaskiya ga ɗan'uwa.

Masu sauraro, lokacinmu ya kusa cika, bari in yi magana da ku ɗaya ɗaya.

Mama, Baba, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ke ko kai da ka yi shekaru kana sulalewa ranar Jibi ba wanda ya hana ka, kada ka ci gaba da ɗaukar wannan kaya kai kaɗai. Cikin makon nan ka je wurin fastonka ko Fada, ko wata uwa a Zumuntar Mata da kika amince da ita. Ka faɗi abin da ke tsorata ka. In akwai abin furtawa, ka furta bisa tsarin ikkilisiyarka. In babu sai tsoro, ka bari a karanta maka surar nan tun daga farkonta.

Kai kuma da ka san akwai kuɗin wani a aljihunka, ko gonar wani a hannunka, ko ƙaryar da ka yi wa wani har yau tana bin sa, kana da kwanaki kafin Lahadi. Ka san gidansa. Ka san lambar wayarsa.

Iyayenmu fastoci da dattawa, Allah ya ƙara muku hikima, aikinku ba ƙarami ba ne. In kun zauna taronku na gaba, ku buɗe littafin horo. Ku duba sunayen da ke ciki. Ku tambayi juna ko akwai wanda wa'adinsa ya cika aka manta da shi a bencin baya, ku aika a kira shi.